Hatimin da Ke Narkewa a Kasko: Tarihin Zinariya da Azurfa a Maraɗi

Azurfar da maƙeran Maraɗi suka yi aiki da ita a ƙarni na 19 ba daga ƙasarsu aka haƙo ta ba. Yawancinta tsabar kuɗi ce da ta ƙetaro hamada a bayan raƙuma, daga Tarabulus ta Ghat da Agadas, ko ta gabas ta hanyar Borno. Wadda ta fi shahara ita ce liyari, kuɗin ƙasar Ostiriya mai ɗauke da fuskar sarauniya Mariya Tereza a gefe ɗaya, da gaggafa mai kai biyu a ɗaya gefen. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar ba canji, domin fatake daga Yaman har ƙasar Hausa ba su yarda da wani ba sai shi. Dalilin yardar a fili yake. Kowane liyari nauyinsa giram 28 ne, kuma a cikin kashi 1,000 na jikinsa kashi 833 azurfa ce zalla, sauran jan ƙarfe. Mai saye ba ya bukatar sanin lissafin. Ya duba fuskar, ya jefa a kan dutse ya saurari ƙarar, ya san abin da ya riƙe. Lokacin da Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar ana canjin irin wannan kuɗi a kan wuri 2,500. A shekarar ce abokin tafiyarsa Adolf Overweg ya rabu da shi a Tasawa ya nufi Maraɗi da Gobir.

Ke nan azurfa tana shigowa ƙasar nan da shaidarta a jikinta. Matsalar tana farawa ne a maƙera. Mace ta kawo liyari huɗu a yi mata munduwa, maƙeri ya zuba su a kasko, yaronsa ya kama zuga-zugi, cikin ɗan lokaci fuskar sarauniya da gaggafar da shekarar duk sun zama ruwa. Abin da ya fito daga kaskon ba ya ɗauke da wata alama. In maƙerin mai tsoron Allah ne, munduwar za ta fito da nauyin da aka kawo, ban da ɗan abin da wuta da magagari suka ci. In ba haka ba, ya ɓoye liyari ɗaya ya cike gurbinsa da tagulla, nauyi ya tashi daidai, sai bayan damina biyu hannun mai ita ya fara kore. Saboda haka ne aka saba, mai kaya ko ɗanta ya zauna a bakin maƙera har a gama narkawa.

Yadda maƙeran nan suka taru a kwarin Gulbin Maraɗi, labarin yaƙi ne. Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807. Gidan sarautar da aka kora ya yi gudun hijira arewa har Damagaram, kafin ɗan gidan, Ɗan Kasawa, ya dawo ya zauna a Maraɗi wajen 1819, bayan mutanen kwarin sun yi wa wakilan sabuwar gwamnatin Katsina bore. Gobirawa kuwa, bayan faɗuwar birninsu Alƙalawa a 1808, sun daɗe suna faɗi-tashi. A yaƙin Gawakuke na 1836 aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda. Bayan yaƙin ne Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tibiri da taimakon Sarkin Katsina na Maraɗi Ɗan Mari, ƴar tafiya kaɗan arewa maso yamma da Maraɗi. Fada biyu suka tsaya kusa da juna, kowacce da sarakunanta da barade da matan gidan sarauta, Iya a Maraɗi, Inna a Tibiri. Fada kuwa ba ta zama sai da maƙera. Maƙeran baƙi suna ƙera takobi da mashi da linzami da garma. Maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla, su ke yi wa kuben takobi da kayan doki ado, su ke yin zobba da mundaye da ƴan kunne. Sana'ar gado ce, ana koyonta a gaban uba ko kawu, kuma tana da shugabanta, Sarkin Maƙera, wanda ake kai wa ƙara in aiki ya ɓaci. A gari mai ganuwa, inda kowa ya san gidan kowa, wannan ya isa tsoratar da mai algus. Sunan gidanku shi ne jinginarka.

Zinariya ba ta da yawa a wancan zamani. Abin da ke zuwa, fataken Gwanja ne ke ɗauko shi tare da goro daga ƙasar Asante, gari-gari, ana auna shi da miskali, wanda bai kai giram 5 ba. Buzaye, maƙwabta na arewa, ba su ma damu da ita ba. Azurfa suke so, kuma maƙeransu sun yi suna a kanta har yau. Don haka adon mace mai hali a Maraɗi ta da, azurfa ce da murjani da tsakiya.

Wani zai ɗauka cewa tunda babu hatimi, babu doka ke nan. Akwai doka, kuma mai tsauri ce, sai dai a littafi take. Duk da yaƙin da ke tsakanin Maraɗi da Sakkwato, malaman ɓangarorin biyu Risala ɗaya suke karantawa, Muhtasar ɗaya, Muwaɗɗa ɗaya. A fiƙihun Malikiyya ba a sayar da zinariya da zinariya, ko azurfa da azurfa, sai nauyi ya yi daidai kuma hannu da hannu. To, yaya za a yi da kayan da aka haɗa? Sahihu Muslim ya ruwaito labarin sahabi Fadalatu ɗan Ubaidu, wanda a ranar Khaibara ya sayi abin wuya mai zinariya da duwatsu a kan dinari 12. Da ya ɓalle shi, sai ya ga zinariyar ciki ta fi dinari 12. Annabi (SAW) ya hana a sayar da irin wannan sai an rarrabe. Imamu Malik ya yi rangwame a kan takobi da zobe da mus'hafi da aka yi wa ado: in adon bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, ana iya sayensa da kuɗin jinsin adon, muddin hannu da hannu ne. Muhtasar ya halatta wa namiji zoben azurfa, amma ya cire wanda aka sa wa zinariya ko da kaɗan ce. Ga kuma zakka, mai nisabin dinari 20 ko dirhami 200, wadda Malikiyya ba ta ɗora wa adon da mace ke sawa ba, amma ta ɗora wa na fatauci. Ga gado, wanda ba ya rabuwa sai an san ƙimar kowane zobe. Duk waɗannan hukunce-hukunce suna tsaye ne a kan abu ɗaya: a san nawa ne zinariya, nawa ne azurfa, a cikin abin da ke hannu. Malamai sun shimfiɗa hukuncin tun ƙarnoni da suka wuce. Abin da ƙasar Hausa ba ta ƙirƙiro ba shi ne ɗan guntun ƙarfen da za a buga a jikin kaya ya riƙe amsar bayan mai shaida ya mutu.

Turawa sun ƙirƙiro shi ne don irin ha'incin da muka ambata. A Faransa, sarki Filib na Uku ya ba da umarni a 1275 cewa kowane gari ya sami tambarinsa da za a riƙa bugawa a kan kayan azurfa. A Ingila, dokar 1300 ta sarki Edward na Ɗaya ta ce kada a sayar da kayan azurfa sai sun kai kashi 925 cikin 1,000, an gwada su, an buga musu kan damisa. Bayan juyin juya hali, Faransa ta sake tsara aikin da dokar 9 ga Nuwamba 1797. Daga 1838 kan gaggafa ya zama shaidar zinariya, kan gunkiya Minerba shaidar azurfa. Ban da tambarin hukuma, maƙeri ma dole ya buga nasa, harufan sunansa a cikin wani ɗan gida mai kusurwa huɗu. Ɗaya yana cewa an gwada, ɗaya yana nuna wanda za a kama.

Faransar da ta tsare wa ƴan ƙasarta wannan haƙƙi, da ta zo nan haraji ta fi damuwa da shi. Ta hana wuri daraja, ta ce a biya da kuɗinta. Ta haka dala ta shigo, tsabar faran 5 mai nauyin giram 25, kashi 900 azurfa. Ƙananan tsabar, na faran 1 da faran 2, kashi 835 ne. Daga kudu kuma sulallan Ingilishi na Afirka ta Yamma, da aka fara bugawa a 1913 da azurfa kashi 925, suna ƙetaro sabuwar iyaka ta Katsina. Maƙeri gwani ya san bambancinsu a wuta da kuma a ƙarƙashin masaba. Bayan yaƙin duniya na farko abin ya juya. Takarda ta yawaita a ɓangaren Faransa, a ɓangaren Ingilishi kuma daga 1920 aka fara sauya sulallan da wasu na gamin tagulla. Mutane suka gane da wuri. Tsabar azurfa ta ɓace daga kasuwa ta koma cikin tukwane da wuyan mata, wasu an huda su an rataye yadda suke, don kada shaidar ta narke.

Maraɗi ta zama hedikwatar yanki a 1927, gyaɗa ta jawo kamfanonin Turawa. A 1945 Gulbi ya yi ambaliyar da ta rushe tsohon gari, aka tayar da mutane zuwa kan tudu, Tibiri ma haka. Sabon garin mai miƙaƙƙun tituna ya cika da baƙi, kuma a cikinsa ne attajiran da ake kira alhazan Maraɗi suka taso, da gyaɗa tukuna, daga baya da fataucin Najeriya. Jirgin sama ya mayar da hajji tafiyar makonni maimakon shekaru, hajiyoyi suka riƙa dawowa da haƙorin Makka da sarƙoƙi da awarwaro. Maƙeran Senegal, gwanayen aikin zare-zaren zinariya, suka buɗe shaguna a biranen Nijar. A cikin zamani ɗaya zinariya ta ture azurfa daga lefe. Ta kuma zama asusun mace. Wadda ta ɗauki adashi ko ta tara kuɗin biki, in ba ta sayi akuya ba, ƴan kunne take saye, domin ba sa mutuwa a fari kamar yadda dabbobi suka ƙare a 1973 da 1984. Ranar 12 ga Janairu 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, wadda ta ajiye takardu ta wayi gari da rabin dukiyarta. Wadda ta ajiye zinariya ba ta yi asarar komai ba. Mata ba su manta da wannan darasi ba, shi ya sa nake ganin zancen hatimi a Maraɗi zancen ajiyar talaka ne kafin ya zama na kwalliya.

Yau in ka tsaya a gaban mai sayar da zinariya a babbar kasuwa, tambayar farko ita ce, "Alhaji, ɗan ina ne?" Ya ce ɗan Dubai ne, ko ɗan Saudiyya, ko ɗan Italiya, ko aikin gida. Sannan a juya maƙullin sarƙa a nemi lamba. Zinariya zalla karat 24 ce. Lambar 916 tana nufin karat 22, 875 karat 21, wanda ya fi yawa a kayan ƙasashen Larabawa, 750 kuma karat 18, ma'aunin Faransa da Italiya. A azurfa, 925 aka fi gani. Sai dai lamba kaɗai, ba tambarin ma'aikatar gwaji, ba na wanda ya ƙera, da'awa ce kawai. Duk mai ƙusa da guduma yana iya buga ta. Amurka ta koyi wannan: dokarta ta 1906 ta haramta lambar ƙarya, amma sai da aka gyara ta a 1961 aka ce duk wanda ya buga lamba ya buga tambarinsa a gefe. Dillalan Maraɗi ba su taɓa sakankancewa da lamba ba. Suna goga kayan a baƙin dutse, su ɗiga ruwan asid a kan zanen. In zanen ya tsaya, zinariya ce. In ya wanke, an gama magana. Ga mai saye kuwa, garantin da ta fi dogara da shi shi ne alkawarin baki: "Hajiya, in kin tashi saidawa, ki maido mini." Alkawari ne mai kyau muddin Alhajin yana raye, shagon yana nan, kuma ba a ƙauye bukatar ta same ta ba.

Kayan da aka haɗa zinariya da azurfa su ne suka fi wahalar da wannan tsari, kuma suna ƙara yawa saboda tsadar zinariya. A dokar kuɗin Faransa ta 1803, giram ɗaya na zinariya daidai yake da giram 15 da rabi na azurfa. A watan Maris 2020 ratar ta haura ninki 100. Ɗauki misalin awarwaro mai nauyin giram 40, jikinsa azurfa giram 30, furannin da aka liƙa a kai zinariya giram 10. In aka buga 750 a kan fure ɗaya, ba a yi ƙarya ba, furen karat 18 ne. Amma in aka wanke sauran jikin da ruwan zinariya aka ɗora duka a sikeli, mai saye za ta biya kuɗin giram 40 ta tafi da 10. Dutsen gwaji ba zai cece ta ba, don fatar kaya kawai yake taɓawa, kuma mai sayarwa ne ya san inda zai goga. Ko na'urar zamani mai haska kaya ta fitar da lissafi a allo, ba ta shiga ciki sosai. Nauyi yana iya tona asiri, tunda zinariya zalla ta kusa ninka azurfa nauyi a girma ɗaya, 19.3 da 10.5, amma wa zai gane haka a kayan da ke da rami a ciki? Gwajin da ba ya kuskure shi ne a yanki ɗan guntu a narka, kuma ba mai yarda a yi wa kayan aurenta haka. Akwai kuma sinadarin liƙi, wanda a aikin zare-zare yake da yawa, kuma sau da yawa bai kai darajar jikin kayan ba. Maza ma, masu zoben azurfa, ba su tsira ba. Farar zinariya da azurfa ido ba ya raba su, kuma akwai gamin jan ƙarfe da nikel da tutiya mai haske kamar azurfa, alhali babu ko ɗigonta a ciki.

Ƙasashen da suka daɗe da hatimi sun yi wa wannan matsala dokoki na musamman. A Faransa, in ƙarfe na biyu bai wuce kashi 3 cikin 100 na nauyi ba, ana buga tambarin babban ƙarfen kaɗai. In ya wuce, sai a buga na kowanne a jere. Azurfar da aka wanke da zinariya kuwa, komai kyanta, tambarin azurfa take samu. Ingila ta gyara dokarta ta 1973 a shekarar 2007 don ta karɓi kayan gami. Cikakken hatimin da ake bugawa na ƙarfen da ya fi araha ne, mai tsadar kuma a ba shi ƴar lambarsa a jikinsa. Dole launukan su bambanta yadda ido zai gani, kuma in akwai ɓangaren da ba zinariya ba ne ba azurfa ba, a rubuta a kansa cewa ƙarfe ne. Hikimar wannan tsari ta burge ni: in mai saye za ta yi kuskure, ta yi shi ta ɓangaren da ba za ta cutu ba. Yarjejeniyar Biyena ta 1972 ta samar da tambarin sikeli wanda ƙasashen da suka sa hannu ke karɓa daga juna. Indiya, inda mata ke ajiya da zinariya kamar namu, ta fara hatimi na ganin dama a 2000, ta mayar da shi tilas a watan Yuni 2021, kowane kaya da lambarsa mai gurbi shida da za a iya bincikawa ta waya. Wanda ya karanta waɗannan dokoki ya kuma san babin ciniki a Muwaɗɗa, zai ga buƙata ɗaya suke biya: a rarrabe, a faɗi kowanne da sunansa da nauyinsa.

A halin yanzu Nijar ta zama ƙasar zinariya da kanta. An fara haƙar gargajiya a Liptako a shekarun 1980, mahaƙar Samira ta buɗe a 2004, Jado ta ɓarke a 2014 ta kwashe samarin ƙauyuka. A 2021 abin ya iso jihar Maraɗi, a yankin Ɗan Isa kusa da iyaka, inda ranar 7 ga Nuwamba ramuka suka rufta a Garin Liman suka kashe mutum 18 aƙalla. Mafi yawan zinariyar da ake fitarwa daga ƙasar Dubai take nufa. A can ake tace ta, a gauraya ta, a ƙera, a buga mata 875, wani ɓangarenta ya dawo mana a matsayin ɗan Dubai, a saye shi da tsada fiye da aikin maƙerin gida. Ba don hannun maƙerin Maraɗi ya gaza ba ne. Nasa aikin ba shi da wata shaida da za ta bi shi in ya bar shago, shi ya sa in an zo sayarwa ake karya masa farashi, ko da zinariyarsa ta fi kyau. Rashin hatimi yana cutar maƙeri mai gaskiya kamar yadda yake cutar mai saye.

Wadda ta fi shan wahala ita ce matar karkara. Ɗauki Jiratawa, kudu da Maraɗi, inda noman rani da zogale suka sa kuɗi ke shiga hannun mata ko da damina ta wuce. Mace ta tara na wata da watanni, ta shigo birni ranar Litinin ko Juma'a, ko ta jira dillaliya ta kawo mata har ɗaki. Ba ta da madubin duba lamba, ba ta san shagon da kayan suka fito ba, dillaliyar ma sau da yawa ba ta san abin da ke ciki ba. Sai ranar da yaro ya kwanta ciwo, ko ranar rabon gado, aka kai kaya gaban dutse, sannan ake gane abin da aka saya shekara biyar da suka wuce.

Abin da zai rage wannan bai fi ƙarfin Maraɗi ba, kuma ba sai an jira na'ura mai tsada ba. Ƙungiyar maƙera da masu sayarwa, tare da masarautun Katsinan Maraɗi da Gobir da ofishin ma'adinai na jiha, za su iya buɗe littafi guda, kowane maƙeri ya yi rajistar tambarinsa, kada wanda ya buga lamba sai ya buga tambarin a gefenta. Kayan gami su ɗauki lamba biyu, kowacce a kan ƙarfenta. Abin da aka wanke da ruwan zinariya kada ya ɗauki lambar zinariya ko kaɗan. Takardar ciniki ta nuna nauyin zinariya dabam, na azurfa dabam, kuɗin aiki dabam, da boko da ajami. Wuri ɗaya ne bai kamata a kwaikwayi Turai ba. Faransa ta yafe tambarin hukuma ga kayan zinariyar da ba su kai giram 3 ba da na azurfar da ba su kai giram 30 ba, Ingila ta yafe wa zinariya ƙasa da giram 1 da azurfa ƙasa da giram 7.78, saboda a wajensu ƙananan kaya ne. A Jiratawa da ƙauyukan Tibiri, ƴan kunne masu giram 2 su ne farkon abin da yarinya ke mallaka, kuma su ake fara kai wa kasuwa in hatsi ya ƙare a rumbu, don haka rajistar daga kansu ya kamata ta fara.